Fatalwar da Baba Tela Ya Ɗinka wa Riga

Shekara talatin da ɗaya ke nan Baba Tela bai taɓa buɗe shagonsa ranar Asabar ta farkon wata ba. Masu kawo ɗinki sun sani, masu karɓa sun sani. Mai gyaran agogo da ke maƙwabtaka da shi ma ya gaji da ba mutane amsa, ya samo kwali ya rubuta "Tela ya tafi Lambu" ya rataya a ƙofa.

Lambun nan ba na kayan miya ba ne. Wani wurin wasa ne a gefen gari, mai doguwar katanga da jar ƙofa. A ciki akwai ƙaramin jirgin ƙasa mai zagaya tafki, da dawakan katako masu juyawa, da motocin karo, da babban lilo mai kama da tayar keke wanda in ka kai samansa kana hango rufin asibiti. Can a ƙurya kuma, bayan mai sayar da gugguru, akwai Gidan Dodanni.

Tun 'ya'yansa na goye ya fara kai su. Yaran suka girma, suka gaji da wurin, suka yi aure suka watse, shi bai gaji ba. Sai ya zama daga shi sai matarsa. Ƙarfe tara daidai suke isa. Shi ne a gaba, da katinsa na shekara a hannu, ita tana bin sa da jaka da kwalbar ruwa. Ya san wurin kamar yunwar cikinsa. Ya san taragu na uku a jirgi shi ne ba ya ƙara. Ya san farin dokin katako mai gutsuren kunne ya fi sauran tashi sama. Mai yagar tikiti a ƙofa kuwa, ya san ta tun tana budurwa, ga ta yanzu da jikoki.

Auta, ƙaramar 'yarsa, ita ce mai yi masa tsiya.

"Baba, wai me ya rage a wurin nan da ba ka gani ba? Sabo dai turken wawa."

"Wawan ne ya biya miki kuɗin makaranta," in ji shi, ya ci gaba da taka kekensa.

Da Auta ta yi aure sai Baba Tela ya samu suruki, wato uban mijinta, wani dogon dattijo da ake ce wa Kyaftin. Bai taɓa tuƙa jirgi ba. Shekara talatin ya yi yana auna akwatunan fasinjoji a filin jirgin sama, amma da yake kamfani kan ba ma'aikata kujera in ta yi saura, ya leƙa ƙasashe da dama, kuma ba ya bari a manta. In aka kawo masa shayi sai ya faɗi ƙasar da ya sha wanda ya fi shi. In aka yi ruwan sama, ya ga wanda ya fi shi ƙarfi a wani wuri.

Wata rana ana zaune a falon Baba Tela, hira ta biyo ta kan Lambu. Kyaftin ya yi murmushi irin na wanda ya ga jiya ya ga yau.

"Ai na ga irin waɗannan wurare a waje. Akwai wanda na shiga, sai da muka yi kwana biyu ba mu gama zagaya shi ba. Amma sau ɗaya na je. Wurin wasa ai kamar wasan kwaikwayo ne, in ka gani sau ɗaya ka gama."

Maganar ta soki Baba Tela kamar ƙaya. Ya ajiye kofinsa a hankali.

"Kyaftin, gani ya kori ji. Asabar mai zuwa ka shirya, ni zan kai ka."

Matarsa ta dube shi ta gefen ido. Ta san muryar. Da irinta ya taɓa cewa zai gyara famfon banɗaki da kansa, ruwa ya kai har ɗakin baƙi.

Ranar Asabar suka isa su huɗu, har da Auta, wadda ta ce ba za a yi wannan babu ita ba. Kyaftin ya sha babbar riga mai ruwan sararin sama, sai ka ce ɗaurin aure za shi. Baba Tela kuwa tun daga ƙofa ya zama ɗan jagora. Ya gabatar da surukinsa ga mai yagar tikiti. Ya gabatar da shi ga direban ƙaramin jirgi. Ya hana shi shiga taragu na biyu, ya ja shi zuwa na uku. Jirgi bai tashi ba ya fara bayani.

"Yanzu zai yi usur sau biyu. Ka ji? To, in mun wuce gadar can za ka ga agwagi a hagu. Guda tara ne, da su goma sha ɗaya ne. Ka riƙe hularka, akwai reshe."

Duk abin da ya faɗa sai ya faru, kuma duk wanda ya faru sai ya juya ya dubi Kyaftin kamar shi ya ƙera agwagin. Kyaftin yana gyaɗa kai yana cewa, "Ba laifi, ba laifi," abin da ya ƙara ƙona wa Baba Tela rai. Ya ce a zuciyarsa, bari dai mu je ƙurya.

Gidan Dodanni shi ne abin alfaharinsa, kuma da dalili. Cikinsa duhu ne, ana shiga a ƙaramin keke mai cin mutum biyu da ke bin dogo. A kwana ta farko akwai ƙwarangwal da haɓarsa ta karye aka ɗaure da waya. A ta biyu akwai gizo-gizon roba da ke saukowa rabi ya maƙale. A ta ƙarshe sai fatalwa mai farar riga, wadda injinta ya tsufa, ba ta fitowa sai keke ya riga ya wuce, ta yi ta ɗaga hannu tana tsorata bango. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce rigarta ta yage, tsohon manajan wurin ya yi ta jan ƙafa, Baba Tela ya kasa jurewa. Da kansa ya zo da tef ya auna ta, ya ɗinka mata sabuwa da yadi mai kyau, har da kalmasa biyu a ƙasa. Tun daga nan duk wucewar da zai yi sai ya waiwaya ya duba ko ɗinkin na nan.

Da suka isa ya lura an sake fentin ƙofar, kuma mai kula da wurin wani ne da bai sani ba. Bai kawo komai a ransa ba. Matarsa da Auta suka ce za su jira a waje. Surukai biyu suka matsu a keke ɗaya, babbar rigar Kyaftin ta cinye rabin wurin Baba Tela. Ƙofa ta rufe, duhu ya haɗiye su.

"Kada ka ji komai," in ji Baba Tela. "Ina ƙirga uku za ka ga ƙwarangwal a dama. Ba ya cizo, ba shi da haɓa. Ɗaya, biyu, uku."

Babu ƙwarangwal. Keke ya ci gaba da tafiya cikin shiru.

"Wataƙila an kai shi gyara. To yanzu ka ɗaga kai, gizo-gizo zai..."

Bai ƙarasa ba wata iska mai sanyi ta hura masa a ƙeya. Ƙasa ta girgiza. Wani abu mai jajayen idanu, mai baki kamar ƙofar tanda, ya taso daga ƙarƙashin keken har numfashinsa na taɓa masa hanci, sannan wasu yatsu masu laushi suka shafa masa wuya ta baya.

Ihun da Baba Tela ya yi, mai gugguru ya ce har wurinsa an ji. Ya kira sunan Allah, ya kira mahaifiyarsa da ta rasu shekara ashirin da suka wuce, ya cakumi abin da hannunsa ya fara samu, wato wuyan rigar Kyaftin, ya ja. Ko a cikin wannan tashin hankali kunnensa na tela ya gane ƙarar yadi mai tsada yana rabuwa biyu.

Da keke ya fito haske, hularsa ba ta kansa, takalminsa ɗaya ba ya ƙafarsa. Ya yi ta maza ya miƙe, yana shirin cewa santsi ne ya kwashe shi. Sai ya ga jama'a sun taru gaban wani babban allo a bakin fita, suna dariya. Ashe cikin sababbin abubuwan da aka saka har da na'urar ɗaukar hoto. Ga shi nan a allon, baki buɗe har ana ganin gurbin haƙorin da aka cire masa, ya rungume surukinsa kamar jariri ya ga allura. Auta ta durƙusa tana riƙe da ciki. Matarsa ta sa bakin mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa.

Ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Bai tsaya neman takalmi ba, ya nufi ofishin manaja yana ɗingishi.

Ofishin ɗan ƙarami ne, da fanka mai ƙara da taswirar Lambu a bango. Tsohon manajan da ya sani ya yi ritaya wata biyu da suka wuce. A kujerarsa wata matashiya ce mai tabarau, ba za ta girmi Auta ba. Ta miƙe ta gaishe shi, ta ba shi kujera, ta yi kamar ba ta ga ƙafarsa ba.

"'Yar nan, wa ya taɓa Gidan Dodanni?"

"Mu ne, Baba. Makon jiya aka gama. Wani abu ya same ka a ciki?"

"Tsoro ya same ni."

Ta dube shi, tana neman inda laifin yake.

"Baba, ai don haka aka gina shi."

"Shekara talatin da ɗaya ina shiga gidan nan, ban taɓa jin tsoro ba sai yau da kika zo. Ina ƙwarangwal? Ina gizo-gizo? Ina fatalwata?"

"Suna sito. Baba, mun tambayi mutane ne, kowa ya ce gidan ba ya tsorata ko kaza. Yara suna shiga suna gaisawa da ƙwarangwal. Mutane sabon abu suke so, in babu ba za su dawo ba."

"Ni ba mutum ba ne? Sau nawa kika ga na fasa dawowa?"

Ta jawo kujerarta kusa, da alama abin ya fara ba ta sha'awa.

"To Baba, don Allah gaya mini, domin kullum muna wannan tambayar a taro. Mutum ya san komai a wuri, ya san abin da zai fito da inda zai fito. Me yake dawowa nema?"

Ba wanda ya taɓa yi wa Baba Tela wannan tambayar da gaske. Auta tsokana take yi, ba tambaya ba. Ya dubi taswirar bango, ya ga tafki, ya ga ɗan layin dogo.

"Mahaifiyarki na da rai?"

"Tana nan."

"Kina zuwa gidanta?"

"Duk mako."

"In kin je, sabon abu kike zuwa gani? Da za ki je ki tarar ta sayar da kujerun falo, ta sa wani ƙato a bayan ƙofa yana hura miki iska a ƙeya, za ki ce an ci gaba?"

Manaja ta yi dariya har ta cire tabarau ta goge. Ta ce ta ji, kuma za ta faɗi maganarsa a taro yadda ya faɗe ta. Amma ba ta ɓoye masa ba, tsofaffin dodanni ba za su koma ba. Ta sa aka nemo masa hula da takalmi, ta raka shi har sito. Can ya tarar da fatalwarsa a jingine tsakanin tsintsiya da bokitin fenti, hannu a sama. Ya kama gefen rigar ya juya, ya duba kalmasa. Ko zare ɗaya bai saki ba.

"Ki gani," ya ce. "Shekara goma sha ɗaya."

Suka shiga mota. Kyaftin ya riƙe wuyan rigarsa da hannu har gida.

Asabar ta farkon wata mai zuwa, Baba Tela ya buɗe shago. Mai gyaran agogo ya leƙo ya tambaya ko lafiya, ya ce lafiya lau, aiki ne ya yi yawa. Matarsa kuwa ta saɓa jakarta ta tafi ita kaɗai. Ya yini yana taka keke, yana duban agogon maƙwabci, yana cewa a ransa yanzu jirgi ya yi usur, yanzu sun wuce gada. Sau biyu yana ɗinke aljihun wando ta ciki. Da ta dawo da yamma bai tambaye ta komai ba, ita ma ba ta ce komai ba, sai da suna cin abinci ta ce, kamar da bango take magana, "Agwagi sun yi 'ya'ya."

"Nawa?"

"Ban ƙirga ba."

Ya ajiye cokali. A ce mutum ya je har wurin, ya ga 'ya'yan agwagi, ya dawo bai ƙirga ba.

Bayan kwana uku Kyaftin ya shigo shagon da rigar a leda. Suka gaisa a takaice. Baba Tela ya shimfiɗa rigar a tebur, ya ga ɓarnar da ya yi, tun daga wuya har ƙirji. Ya zaɓo zare mai launinta, ya zura allura, ya ce da hannu zai yi, keke zai ɓata aikin.

Kyaftin ya zauna a benci tsakanin tarin yadi, ya yi gyaran murya.

"Malam Tela, ranar nan ka duba hoton da kyau kuwa?"

"Na ga abin da ya ishe ni."

"Kanka kawai ka duba. Da ka dubi gefe da ka ga idona a rufe. Tun da ƙofa ta rufe na runtse su, ban buɗe ba sai da na ji rana. Ban ga dodo ko ɗaya ba. Ihunka ne ya kusa kashe ni."

Baba Tela ya tsayar da allura.

"Kai da ka shiga wanda ake kwana biyu ana zagayawa?"

"Na shiga ƙofarsa. Jakunkunan abokan tafiya na riƙe musu a inuwa."

Suka dubi juna, sai dariya ta ƙwace musu, irin wadda ke sa tsoho tari. Mai gyaran agogo ya sake leƙowa.

Da dariya ta lafa Kyaftin ya ce, "Ai na koma ranar Asabar. Na ga Maman Auta daga nesa, na ɓuya bayan mai gugguru. Jirgin nan ne ya tsaya mini a rai. Ka san wani abu? Taragu na biyu ya fi daɗi, an fi ganin tafki. Kuma agwagin nan a dama suke fitowa."

"A hagu."

"A dama na gan su."

"Don ka zauna kana kallon baya ne. Taragu na biyu kuma ƙara yake kamar tsohuwar ƙofa."

"An sa masa mai."

Wannan ita ce ta karya Baba Tela. Mutumin da ya je sau biyu, yau shi ke ba shi labarin Lambu, har da abin da bai sani ba. Ya gama ɗinkin, amma bai iya jiran farkon wata ba. Asabar ɗin da ta biyo, kwali ya koma ƙofar shago.

Bai bi ta kan jirgi ba, kai tsaye ƙurya ya nufa, da littafin awonsa da fensir a aljihu. Ya ce wa matarsa ba dodon da zai mayar da shi baƙo a wurin da ya riga shi zuwa. Ya shiga shi kaɗai, ya yi ihu, ya fito ya rubuta. Ya koma layi. A shiga ta biyu mai jajayen idanu bai taso daga ƙasa ba, ta sama ya sauko, domin sabon injin yana sauya tsari duk zagaye. Ya sake ihu, ya fito ya rubuta. Matarsa ta samu inuwa ta zauna da gugguru, tana jin muryarsa tana raguwa daga shiga zuwa shiga. A ta tara ya fito yana magana kamar ƙofar da ba mai, amma fuskarsa na haske.

"Tsari huɗu ne," ya ce da ƙyar. "Na kama su duka."

Sai ga Kyaftin ya ɓullo da gyararriyar rigarsa, wai wucewa yake. Baba Tela ya nuna masa littafin, shafi biyu cike da kibiyoyi. Kyaftin ya ture shi.

"Zan shiga, kuma yau ido buɗe. Amma da sharaɗi. Kada ka gaya mini komai."

"Ko kaɗan?"

"Ko tari."

Suka matsu a keke, ƙofa ta rufe. Daga iskar farko Baba Tela ya gane tsari na uku ne, kuma shirun da aka ɗora masa ya fi dodannin wahala. Ya cije leɓe a kwana ta farko. Ya danne gwiwarsa da hannu. Da suka doshi ta biyu ya kasa, ya matso kunnen surukinsa ya raɗa, "Sunkuya, ta sama zai zo."

Suka sunkuya tare, suka yi kiciɓis da dodon yana tasowa daga ƙasa.

Da suka fito, Kyaftin ya daɗe yana riƙe da ƙarfen bakin ƙofa kafin numfashinsa ya dawo.

"Ka ce huɗu ne."

"Ashe biyar ne," in ji Baba Tela, yana laluben fensir.

Kyaftin ya gyara hularsa, ya dubi layin, mutum bakwai ne kawai a gabansu.

"To rubuta mu koma, kafin yaran can su riga mu."